Dodon Malam Saleh Mai Motar Laka

Duk wanda ya yi ƙuruciya a Azare, da wuya a ce bai taɓa jan motar Malam Saleh da zare ba. Mutumin Katagum ne, can aka haife shi, kuma har gobe daga can ake kawo masa yumɓu a buhu, don ya ce na Azare ba ya jin magana. Rumfarsa na bakin kasuwa. Nan yake gina motocin wasa da ƙananan tukwane na 'yan mata, ya gasa, ya shafa fenti. Tun yana saurayi malaminsa ya gargaɗe shi a kan kwaikwayon halittar Allah, shi ya sa bai taɓa gina fuska ba, ko ta kaza. In yaro ya tambayi ina direban motar, sai ya ce ya sauka shan shayi.

Mutum ne mai haƙuri da kowa, in ban da mutum ɗaya. Daura da rumfarsa, tsallaken 'yar hanya, akwai Bahauddeen mai zanen hula, amininsa tun suna samari. Tare suke cin abincin rana, tare suke zuwa jana'iza, in ɗaya bai fito ba ɗaya ba ya sakewa. Amma kullum sai Malam Saleh ya ga manyan mutane sun sauko daga mota sun durƙusa gaban Bahauddeen, suna juya hula a hannu suna cewa wannan bawan Allah akwai hannu. Shi kuwa masu yaba masa aiki duk ba su wuce gwiwarsa ba, yabon nasu ma da majina yake zuwa. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, amma abin da yake so a duniya bai wuce ranar da babban mutum mai gemu zai tsaya a rumfarsa ya ce akwai hannu ba, a kan kunnen Bahauddeen. Haka ya shekara da shekaru yana murza yumɓu, idonsa na tsallaken hanya.

Ana nan sai Abdulsamad mai gidan kallon ƙwallo ya zo da wayarsa. Ya nuna masa hoton wani dodo na tsohon fim ɗin Turawa, tun na zamanin da babu kala: ga sanƙo, ga kunnuwa masu tsini, haƙora biyu sun zaro a gaba, farata zaƙo-zaƙo. Ya ce ƙarami yake so, kamar tsawon tafin hannu, ya ɗora a kan talabijin don ya tsorata masu taɓa masa wayoyin wuta.

Malam Saleh ya ce a ba shi lokaci ya yi tunani. Tunanin bai yi nisa ba ya samo mafita: abin da aka hana shi kwaikwayon halittar Allah ne, wannan kuwa Allah bai halicce shi ba, ƙaryar Turawa ce. Wa zai kama shi da laifin kwaikwayon ƙarya? Ya karɓi aikin, ya rataya buhu a gaban rumfar don kada wani ya leƙo. Wanin nan kuwa an san ko wane ne.

Ya ba aikin haƙƙinsa. Da tsinken tsintsiya ya fitar da ramin ido, da allura ya ja layukan goshi. Haƙoran ƙashin kifi ne, faratan ƙayar aduwa. Hoton sau ɗaya ya gani, sauran duk daga ka ya ɗauko. Bahauddeen ya tambaye shi ko amarya ya ɓoye a bayan buhu, ya ce masa kowa ya ji da zarensa.

Da ya gama sai ya fara kai shi gida, ya ajiye wa matarsa Goggo Laraba a kan murfin tukunya, ya koma gefe yana jiran ihu. Ta zo ta duba, ta sunkuya ta ƙara dubawa, sai ta fashe da dariya har tana riƙe bango.

"Malam, me Bahauddeen ya yi maka?"

Ya ce wane Bahauddeen, dodon Turawa ne. Ta ce to Turawan nan sun san Bahauddeen. Ta nuna masa hancin da ya ɗan karkata hagu, da girar da ke ɗagawa ita kaɗai in ana ciniki, da yadda leɓen ƙasa ke turowa kamar mai lasar zare. Malam Saleh ya duba, ya ga gaskiyarta. Fuskar da ya fi kowace kallo a duniya ita hannunsa ya sani, ita ya fitar, ya ƙara mata haƙora.

Ga laifi biyu a dunƙule ɗaya. Ya kwaikwayi halittar Allah bayan ya rantse wa kansa ba ita ba ce, sannan ya mai da amininsa dodo. In aka ɗora wannan a kan talabijin, duk Azare za ta san abin da ke cikinsa, zumuncin kuma sai dai a yi masa addu'a. Ya yanke shawarar fasa shi. Sai dai abu mafi kyau da ya taɓa ginawa ke nan, hannunsa ya ƙi. Ya naɗe shi a tsumma ya tafi da shi kasuwa, wai can zai fi samun ƙarfin hali.

Goggo Laraba kuwa ta riga ta ba maƙwabciya labari ta kan katanga. Kafin azahar sai ga Bahauddeen ya tsallako, ya ɗage buhu, ya zauna, ya miƙa hannu. Malam Saleh ya ba shi. Bahauddeen ya daɗe yana juya abin kamar yadda ake juya hularsa. Malam Saleh ya fara kame-kamen cewa laifin yumɓun bana ne, kuma yanzu ma zai fasa.

"Ka fasa wa? Ni dai Allah bai halicce ni da haƙoran nan ba, saboda haka ba ni ba ne, ka kwantar da hankalinka," in ji Bahauddeen. Ya sake duban fuskar. "Amma Saleh, ko matata ba ta san girata na yin haka ba. Kai, akwai hannu."

Malam Saleh ya waiga ko akwai wanda ya ji. Babu kowa sai akuya.

Bahauddeen ya ce abu ɗaya ne bai yarda da shi ba, a bar mai kama da shi a gaban jama'a kai ba hula. Ya tafi da dodon, bayan kwana biyu ya dawo da shi sanye da 'yar hula zanna da ba ta fi murfin kwalba ba, zanenta cif, babu zaren da ya kauce.

Abdulsamad ya ɗora shi a kan talabijin, labari ya bazu. Manyan mutane masu gemu, waɗanda ba ruwansu da ƙwallo, suka riƙa shiga gani. Malam Saleh ya sa sabuwar riga ya je ya tsaya a bakin ƙofa kamar mai jiran keke napep. Kowa ya fito yana girgiza kai, yana cewa a rayuwarsa bai taɓa ganin hula ƙarama haka ba, Bahauddeen sai dai a bar shi.

Yanzu in ka bi ta bakin kasuwa za ka tarar da Malam Saleh ya cire buhun, yana gina wani dodon. Wannan ya yi masa ƙaho uku, ya ce yana so ya ga inda za a ɗora hula. Bahauddeen na tsallaken hanya, ya kanne ido ɗaya, yana auna ƙahonin da zare daga nesa.