Yadda na koyi tambayar baƙo

Ban taɓa mantawa da ranar da patron, wato mai kamfaninmu, ya kira ni buro, ofishinsa ke nan, ya ce saura ƙiris ya sallame ni ba, kuma wai laifina yawan ba da abinci. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, kuna jina ina zuba wa baƙi Ingilishi kamar a can aka yanke mini cibiya, to yau ku ji inda na samo shi.

A farkon shekarun dubu biyu ne, lokacin da Nasara masu yawon buɗe ido suka fara dawowa Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya bayan shekarun tashin hankali. Ni daga Damagaram na zo, na daɗe ina ɗaukar bulo a unguwar Tahaggart har kafaɗata ta yi kanta. Allah ya haɗa ni da wani mai kamfanin kai baƙi cikin duwatsu, ya ɗauke ni dafa abinci, amma na gwaji. Tsarin fita kuwa kamar na yanzu ne: motoci da direbobinsu, sai jagora masanin hanya, sai ni a ƙasan kowa da tukwanena.

Fita biyu na yi, duka biyun aka kawo ƙarata. Ni dai yadda uwata ta rene ni, baƙo ba a tambayarsa. Ka ce wa mutum ko zai ci, ai ka nuna rowa ke nan. Cika kwano ake yi a dire masa, in ya ce ya ƙoshi a ƙara, don kunya ce ta sa shi faɗa. Haka na riƙa yi wa Nasara. Mutum na girgiza kai yana kare kwanonsa da hannu, ni ina ta zuba miya.

Patron Buzu ne, Hausarsa ta Agadas. Ya ce, "Isuhu, girkinka ba laifi, amma mutanen nan sun ce ɗura kake yi musu. Mako mai zuwa 'yan Ingila za su zo. In suka yi ƙorafi, ka koma ga bulonka."

Na fito daga buro. Na nufi unguwar Sersouf wajen Sabo tela, mutumin Kano, wanda ya yi boko kafin ya shigo Sahara. Da na ba shi labari ya yi dariya har ya ɗauke ƙafa daga kan keke.

Ya ce, "Ɗan'uwa, magana ɗaya zan ba ka. Kamar wuyan riga take, kai za ka ɗinka mata jikin da kake so. Ce would you like."

Na faɗa, ya gyara, na sake faɗa. Ya nuna mini cewa in abu ne zan ba mutum, sunan abin kawai zan liƙa a baya. Shayi, would you like some tea. Ƙarin burodi, would you like more bread. In kuwa wani aiki nake yi masa tayi, sai na sa kalmarsu ta to a tsakani. Zama, would you like to sit. Hutawa, would you like to rest.

"In ya ce yes, please, ka zuba. In ya ce no, thank you, ɗauke ludayinka ka yi gaba, iyakar gaskiyarsa ke nan."

Na ce, "Malam Sabo, ko sau ɗaya ba zan maimaita ba?"

"Ko sau ɗaya."

Kwanakin nan babu wanda ya tsira a gidanmu. Mai shago, abokan kwana, har akuyar maƙwabta sai da na tambaye ta ko za ta sha shayi.

Ranar fita muka yada zango kusa da lambunan Tahifet. Cikin baƙin akwai wata tsohuwa mai farin gashi, kowa Madam yake ce mata. Na ɗauki buta na tsaya gabanta, kunya kamar ta kashe ni, wai ni ne zan tambayi sa'ar uwata ko za ta sha. Na daure na ce, "Would you like some tea?" Ta ɗago ta yi murmushi ta ce, "Yes, please." Wallahi ji na yi kamar an ba ni kyautar mota! Daga nan na ɓalle, na bi su ɗaya bayan ɗaya, mai so na zuba, mai ƙi na wuce ina cizon leɓe. Abin mamaki, da na daina tilasta musu sai tukunya ta riƙa dawowa wayam.

Da muka hau dutsen Assekrem, wata safiya sanyi ya kusa tsaga mini yatsu. Madam ta dama wani garin cakulan nata da ruwan zafi, ƙamshi ya cika wurin. Ta juyo ta ce mini, "Would you like some?" Raina na so ƙwarai. Amma ɗan gidan mutunci ba ya karɓa a tayin farko, sai na sunkuyar da kai na ce, "No, thank you," ina jira ta sake. Baiwar Allah ta gyaɗa kai ta shanye abinta tas, ina kallo.

Ghali direba, da ya ga komai, ya fashe da dariya har yana riƙe mota. Madam ta tambaye shi abin da ya faru, ya yi mata bayani da Faransanci da hannu. Ta juyo ta dube ni. Na ce a raina shi ke nan, na yi wa baƙuwa ƙarya an kuma tona ni. Sauran kwanakin ina girki ina jin nauyin bulo a kafaɗa.

Da muka dawo, patron ya tara baƙin a tsakar gidan buro, kamar yadda aka saba, ya tambaye su yadda suka ga ma'aikata. Da aka zo kaina, Madam ta tashi. Ta buɗe jakarta ta fito da fulas, ta cika kofi da cakulan ɗin nan ta danƙa mini a hannu. Na shanye. Ta miƙo fulas za ta ƙara, na ɗaga hannu na ce no, thank you, ta ture hannun ta zuba har yana zuba a ƙasa. Wurin ya ɗauki dariya da tafi, ni kuwa hawaye ne suka zubo mini.

Patron ya dafa ni ya ce, "Isuhu, bar maganar bulo."

Abin da aikin nan ya koya mini ke nan. Kowa da yadda uwarsa ta koya masa karamci, kuma mai hidimar baƙi da nasu yake yi musu, ba da nasa ba. Nasara, ku tambaye shi, ku yarda da amsarsa. Ni kuwa in kun dafa shayi kada wanda ya tambaye ni, ku zubo kawai.