Layin da Labbo ya bari

Duk wanda ya taɓa jiran mota a tashar Anka da hantsi ya san Bara'atu mai hoce, ko da bai san sunanta ba. Ita ce doguwar matar nan da ke zama a gindin dalbejiya da kwanuka biyu, ɗaya na hocen dawa, gurasarmu ta gargajiya, ɗaya na ƙuli-ƙuli, ba ta kiran ciniki, ba ta kuma ragi. Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya. Ni ne Nababa ƙanenta, malamin firamare, kuma ni ne na yi mata ɓarnar da zan ba da labari, saboda haka kada wani ya zaci yabon kaina zan yi.

A Tungar Daji ta yi aure. Mijinta Labbo manomi ne, amma da zinariya ta ɓullo shi ma ya bi sahu, yana kawo dutse gida ana dakawa a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Shekarar da gubar dalma ta bi ƙananan yara, wato 2010, an fitar mata da gawa biyu cikin wata ɗaya. Hafizu kaɗai ya rage, ɗan farinta, lokacin ya riga ya tasa. Suka tattara komatsansu suka dawo Anka. Labbo bai ƙara komawa daidai ba, bayan shekara uku shi ma ya bi yaransa. Abin da ya bari bai taka kara ya karya ba: 'yar gona, keke, sai ƙaramar Nokia mai tocila da layin da ke cikinta.

Shekara na zagayowa aka fara labarin zinariyar Jado, can cikin saharar Nijar, samari suka yi ta ɗaura jaka. Hafizu ya ce zai je. Yaya ba ta hana shi da baki ba, amma kwana uku ba ta fita tasha ba. Zinariya ta ci mata biyu, ga na ukun zai bi ta da ƙafarsa.

Daga nan rayuwarta ta koma kan wayar nan. Inda suke haƙa babu sabis, sai wayar tauraron ɗan'adam da wasu ke bayarwa haya. Kowane kira da baƙuwar lamba yake zuwa, in ka bi ta ba ta shiga. Wani lokaci wata biyu, wani lokaci huɗu, sai kawai wayar ta yi ƙara. Hafizu bai yi nisa a boko ba, lamba ɗaya tak ya haddace a duniya, ita ce ta ubansa. Tawa kuwa ba a maganarta, don ni mutum ne mai canza layi kamar riga, duk kamfanin da ya yi garaɓasa ina gindinsa. Yaya ta ɗinka wa wayar 'yar jaka ta rataya a wuya ƙarƙashin hijabi. In ta kai caji, nan take zama a bencin mai cajin har ta cika, ko da masu sayen hoce sun yi layi.

Cikin damunar 2016 ya kira, kiran ya fi na kullum tsawo. Da la'asar ta same ni a gida, ta zauna bakin tabarma tana murmushin da na daɗe ban gani ba.

"Nababa, yaron nan ya kira," in ji ta. Ba ta kama sunansa, ɗan fari ne. "Ya ce sun koma wani wuri da anka sa musu intanet. Wai in sayi babbar waya ta shahwawa, a sa mini abin ga da aka ganin mutum. Shekara biyu ban ga huskarshi ba."

"Wasaf ke nan, Yaya. Ai kin zo gidan abin."

Wannan "gidan abin" da na faɗa har yau in na tuna sai na ji kunya ta rufe ni. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma ni na rataya shi da hannuna. Ita ta sayar da tunkiyarta, ni kuma na ɗauko littafin rubutu na ja layuka kamar zan cika sakamakon jarrabawa. Mako biyu ina bincike. Na bi garin Anka unguwa-unguwa da layuka huɗu a aljihu ina gwadawa. Ba zan kama sunan kamfani ba, kada a ce na ɓata wa wani kasuwa. Wani layin kiransa na shiga har ƙuryar ɗaki, amma in ka buɗe data sai ka yi alwala ka yi salla hoto bai sauka ba. Wani yana ba da data tuli kan kuɗi kaɗan, sai dai dole ka je bayan sakatariya ka ɗaga hannu sama. Na uku da rana lafiya lau, hadari na haɗowa ya ɗauke. Na koya wa Yaya duba harafin da ke fitowa a saman waya: in ta ga E ta haƙura, in ta ga H ta gode wa Allah. Shi kuwa 4G da ake ta kururutawa a rediyo, a wurinmu labari ne, ko a Gusau ban taɓa ganin wanda ya kama shi ba a lokacin.

Layin Labbo yana cikin masu kyan kira da raunin data. Sai na yanke shawara: a sayi waya mai layi biyu, tsohon ya zauna don kira, sabo don data. Muka hau mota zuwa Gummi wurin Hudu, abokina tun makarantar horon malamai, wanda ya bar alli ya kama sayar da waya a bakin kasuwa. Ya baje mana su a kan gilashi. Na yi ta juya su ina tambayar girman ma'ajiya, da ƙarfin batir, da kyan kyamara, ina kushe wannan ina yabon waccan. Ya nuna mana wata mai 4G, na ce kuɗin banza ne, wa zai sayi sirdi ba doki. Yaya na tsaye gefe, tambaya ɗaya ta yi duk zaman.

"Malam Hudu, wacce ta hi nuna huska sarai?"

Ya miƙa mata wata Tecno mai faɗin fuska da batir mai kwana biyu. Ita muka ɗauka. Da ya buɗe bayanta sai ya nuna mini ramin layin, ɗan ƙarami ne, na Labbo kuwa irin babban nan ne na da.

"Sai an yanke shi," in ji Hudu. "Abin yankana na aro shi anka yi, sai jibi. Kuma in gaya maka gaskiya, tsohon layi ƙarhenshi na da hwaɗi, ko da injin sai an yi hankali. Ku bar shi inda yake."

Yaya ta ce, "Nima haka ni gani. A bar shi cikin ƙaramar, ai ba ta yi mini komi ba."

Ni na ƙi. Na ce dole layin ya shiga babbar wayar, in ba haka ba Wasaf ba zai hau kan lambar da Hafizu ya sani ba. Na faɗa da muryar da nake koyar da lissafi, duk suka sallama mini. Sai daga baya na gane ƙarya ce tsagwaronta. 'Yan lambobi ne kawai ake turowa ta saƙo, ka karanta a ƙaramar waya ka kwafa a babba, shi ke nan.

Washegari da safe, a tsakar gidana, na ɗora layina ƙarami a kan na Labbo, na zana da biro, na sa almakashi. Na ga ana yi a kasuwa, ban ga abin wuya ba. A yanka na uku na ji almakashin ya ciji wani abu mai tauri. Na sa a sabuwar waya, ba ta ga layi ba. Na mayar a tsohuwar na tokare da takarda, ita ma ba ta gani ba. Na goge, na hura, na juya. Yaya na zaune tana kallon hannuna. Garin neman gira na rasa mata ido.

Na ce kada ta damu, a ofishin kamfani za a ba mu sabon kati da lambar nan. Muka tafi Gusau. Yarinyar da ke kan kwamfuta ta buga lambar, ta dubi Yaya, ta juyo mana da fuskar na'urar. Hoton wani mutum ne mai tsage a kumatu, ba Labbo ba.

"Mai layin sunansa Makau. Shi zai zo ya ɗora yatsa."

Yaya ce ta tuna. Shekarar da aka ce kowa ya yi rajistar layi, Labbo na kwance ba lafiya, wurin rajista kuma cunkoso. Maƙwabta suka tara layukansu a leda suka ba Makau ɗan kabu-kabu, mutumin Tungar Daji, ya je ya dangwala musu duka da yatsansa, aka ba shi na mai. A lokacin kowa gani ya yi an yi dabara. Ban ga laifin yarinyar ofis ba, doka ta bi, ko da yake a ranar na ɗaga mata murya har mai gadi ya matso. Haushin kaina ne na sauke mata.

Muka shiga neman Makau. A Tungar Daji aka ce ya koma wajen dangin matarsa a ƙasar Bukkuyum. Muka je Bukkuyum ranar kasuwa, daga mai shayi zuwa mai faci, har aka haɗa mu da wanda ya kai mu ƙauyen a babur. Matarsa muka tarar. Ta ce ai Makau tun bara mutanen daji suka tare su a hanya, shi da fasinjansa, ba wanda ya dawo da rai. Yaya ta zauna ta yi mata ta'aziyya kamar abin da ya kawo mu ke nan, ta kwance hocen da ta yi mana guzuri ta ba yaranta.

Aka ce akwai hanya: takardar shaidar rasuwa, da ta kotu, da magajin mamaci. Na bi. Makau ba a asibiti ya rasu ba, ba wanda ya rubuta komai. Yau a ce mai sa hannu ya tafi taro, gobe a ce hanya ba lafiya. Wata bakwai ina wannan zirga-zirga. Duk wanda muka ji zai tafi arewa mun ba shi sabuwar lamba a takarda. Ana cikin haka aka ce hukumar can ta tarwatsa masu haƙar Jado, wasu sun nausa Aljeriya, wasu Libiya, wasu Cadi. 'Yan Anka biyu da suka dawo sun ce rabonsu da Hafizu tun kafin nan.

Yaya ba ta taɓa yi mini gori ba, kuma wannan ya fi mini ciwo. Da zagina ta yi da na samu sauƙi. Ta rame, ta rage magana, amma ba ta fasa fita tasha ba. Babbar wayar nan da na ɓata mako biyu ina zaɓe, abu ɗaya ta koya a cikinta: kowace safiya bayan ta sauke hoce sai ta danna tsohuwar lambar, ta saurari muryar da ke cewa layin ba ya aiki, ta mayar jaka. Daga baya ta haƙura, ta yi watanni ba ta danna ba.

Wata Talata, shekara guda da 'yan watanni bayan yankan, ina cikin aji sai na hango ta a bakin taga, ba ko takalmin kirki a ƙafarta.

"Nababa, hito. Yau na sake gwada tsohuwar lambar, ta shiga. Wata ta ɗauka, ban jin abin da taka cewa."

Muka koma gindin bishiyar makaranta na kira. Mace ce, a Fatakwal take, Turanci take yi. Ta ce wata biyar ke nan da ta sayi layin sabo fil a shago. Ashe in layi ya daɗe ba a amfani da shi, sake sayar da lambar ake yi. Na yi mata bayani dalla-dalla, ta saurara, mutuniyar kirki ce. Na tambaye ta ko wani ya taɓa kira daga waje.

Ta ce ƙwarai. Wani namiji, da baƙuwar lamba mai tsawo, sau huɗu a cikin wata biyun farko. Ba ta jin yarensa, kalma ɗaya ta riƙe don ita yake ta maimaitawa, "Inna". A na huɗun tausayi ya kama ta, ta kai wa wani Bahaushe mai tsire a bakin layinsu. Mai tsiren ya gaya masa babu Inna a nan, layin sabo ne aka saya. Mai kiran ya tambaya ko mai layin ta rasu ne. Mai tsire ya ce shi bai sani ba, amma dai yawanci in ka ga an sayar da lambar mutum, to mai ita ba ya nan. Ta ce daga inda take tsaye tana jin kukan mutumin ta cikin waya, har kiran ya yanke. Wata uku ke nan, bai sake kira ba.

Na ba ta sabuwar lambar Yaya, ta yi alkawarin rubutawa a bango. Na kashe wayar na tsaya riƙe da ita.

"Mi tac ce?" in ji Yaya.

Na so in tsaya a rabin farko, in ce yana da rai wata uku da suka wuce, in yi shiru. Amma na riga na yi mata ƙarya ɗaya da muryar malanta, ban iya ƙara ta biyu ba. Na gaya mata duka.

Ta nemi tushen bishiyar ta zauna. Ta sunkuyar da kai, yara na ta haddar sau biyu a ajin da na bari. Ba ta yi kuka ba a lokacin.

"Ashe ya yi zaman makokina," ta ce a hankali. "Shi kaɗai, can cikin rairayi." Ta ɗago ta dube ni. "Nababa, wa yay yi mishi gaisuwa?"