Tabon da Shitu Ya Ƙi Gogewa

Wata rana na ɗauki bindigar toka ta marigayi Babana, maharbi ne, na kai ta rumfar wani kafinta a bayan kasuwarmu.

Ƙotarta ta yi baƙi ƙirin. Fenti a kan fenti, ga daɗewa, ga gumin hannu.

Na ce ya shafa mata sabon fenti kawai, mu rataye ta a ɗakin Inna.

Ya juya ta, ya girgiza kai. Ya ce sabo ba ya zama a kan tsoho, sai an kankare.

Sunansa Shitu. Ranar na fara ganinsa.

Da fasasshiyar kwalba yake kankarewa, a hankali, yana bin yadda jijiyar itacen ta kwanta. Sai na riƙa ƙirƙiro dalilin biyawa ta rumfar. Kullum baƙin yana raguwa, jan maɗaci yana fitowa.

Ni da na koya wa kaina karatu da littattafan haya, na zaci so da kalamai masu daɗi yake zuwa. Nawa da ƙurar katako a gira ya zo.

Ya nemi ya turo manyansa. Na yi ta kewaye-kewaye.

Dalilina ɗaya ne. Ina da tabon ƙuna daga wuya har kafaɗa, tun ina ƙarama man suya ya zubo mini. Wanda ya fara nemana, da labarin ya kai kunnensa, ko sallama bai yi ba.

Ranar da Shitu ya gama, sai ga wani rami mai zurfi a gefen ƙotar, wanda fenti ya daɗe yana ɓoyewa.

Na gane shi. Nan ne gadu ya kawo wa Baba sara da haurensa, ƙotar ta tare.

Na ce, "Malam Shitu, ka cike ramin nan, ya ɓata ta."

Ya ce, "Haba Lantana. Datti na kankare. Wannan kuwa shaidar an tsira ce, hannuna ba zai taɓa shi ba."



Sannan na gaya masa zancen tabona, idona a ƙasa.

Bai daina shafa wa itacen man kaɗanya ba. Ya ce, "Goggona ta gaya mini tun kafin in yi miki maganar aure. Yanzu dai, manyan nawa su zo, ko su ci gaba da tsufa?"

Dariya ta ƙwace mini, hawaye na biye da ita.

Na rungume bindigar Baba, na ɗaga kai, na faɗa da ƙarfi har maƙwabcin rumfarsa ya ji:

"Su zo. Na yi maka alkawari ba zan ƙara ɓoye maka kaina ba."

Darasi: Ba duk abin da ka rufe ne aibi ba. Wani tabon, da shi aka tsira. Mai ƙaunarka ya san abin kankarewa, ya san abin bari.

In kun san wata da ke ɓoye nata tabon, ku tura mata wannan. Wataƙila yau take bukatarsa.