Anti Furera, wadda ta tsayar da ƙanwata

Duk Asabar, da an idar da sallar asuba, Anti Furera Mamuda kan tuƙo mota daga Manassas zuwa filin wasan yara da ke Bowie. Likitar gashin ƙashi ce, kuma ba wanda yake biyanta wannan zuwan. Kafin yaro ya taɓa ƙwallon besbol ko softbol, wasannin da ake jefa ƙwallo da hannu a buge ta da sanda, sai ta sa ya ja roba ya ɗumama kafaɗa, sannan ta zauna tana ƙirga jifan kowa. Shekara goma sha tara ke nan. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aikin.

Ni ba ta hannunta na bi ba, domin ina jami'a muka ƙauro Bowie. Na yi wa makarantata jifa shekara biyu kafaɗata tana ci kamar wuta, ban gaya wa kowa ba. Koci yana yabona, Baba yana ce mini jaruma, ni kuma ina jin daɗi. Sai da jijiyar ta tsinke aka sani. Na koma na yi digiri a kimiyyar wasanni, na fito da sakamakon da ba na jin kunyar nuna wa kowa.

Bara ƙanwata Aliyya ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Wani wakilin jami'a ya zo kallonta, da maganar tallafin karatu. A hutun rana suka yi azahar a gefen fili, Anti Furera ta lura cewa wajen kabbara hannun daman Aliyya bai kai kunne ba. Yarinyar ta rantse lafiyarta ƙalau. Anti ta je ta ce wa koci yau ba za ta ƙara jifa ba.

Baba ya fusata, ya ce ba don a zaunar masa da 'ya a benci ya zo ƙasar nan ba. Ni ce na fi shi zafi. Na ce na karanta abin nan, kuma na yi wasa da ciwon da ya fi wannan. Anti ta saurare ni har na gama.

"Na sani, Mubina. Ɗaga hannunki in gani."

Na ɗaga. Ya tsaya inda yake tsayawa tun ina 'yar shekara ashirin, daidai kafaɗa.

Hoton asibiti ya nuna jijiyar Aliyya ta fara yagewa. Tallafin ya wuce ta, ta yi wata biyar ba ta gaishe da Anti da fara'a. Bana ta dawo fili, jifanta ya fi na da ƙarfi. Ina zama in kalli hannun nan yana zagayawa ba tangarɗa.

Anti, ke ce mai ido a kan 'ya'yan mutane. Kin yarda iyaye su ƙi ki, yara su yi fushi da ke, muddin hannunsu zai tsira. Allah ya saka miki, ya ba ki hutu mai daɗi. Mu kuma iyaye da yayye, mu daina yaba wa yaro don ya ɓoye ciwo, mu koyi duba shi yadda Anti take dubawa.

Na gode miki saboda Aliyya, har zuciyata. Amma ba zan ɓoye miki ba, ina kishinta. Ita ta sami wadda ta ce mata ya isa. Ni tafi aka yi mini.