Daga Ɗakina Na Kai Ƙarar Wanda Ya Koya Mini Aiki

A lokacin da abin nan ya faru ni matashi ne da bai daɗe da aure ba, ina aiki a reshen wani kamfanin dakon kaya a nan Jibiya. Uwar kamfanin tana Kano, mu kuma aikinmu shirya takardun manyan motocin da ke tsallaka boda zuwa Maraɗi da hatsi da sauran kaya. Akwai wani dattijo a ofishin wanda kowa ke ce wa Baba. Shi ya karɓe ni ranar da na fara aiki, shi ya nuna mini yadda ake magana da kwastan na nan da 'yan duwan, wato kwastan na can Nijar, kuma teburinsa na manne da nawa. Shi yake ɗauko lambobin motoci da bayanin kaya daga wurin direbobi, ni kuma in shigar a kwamfuta in tura Kano.

Gaskiya ban taɓa son zaman ofishin ba. Ga zafi, ga ƙarar babura, ga direbobi masu shigowa da hayaniya kowa yana so a fara sallamarsa. Da aka rufe boda aiki ya yi sanyi, kamfanin ya ce kowa ya riƙa yin ɗan abin da ya samu daga gida. Sai na ji kamar an sauke mini kaya. Ina da sola, ina da fanka, uwargida tana kawo mini abinci da zafinsa, ba mai katse ni. Saboda haka da aka sake buɗe bodar kowa ya koma, ni sai na roƙi manaja ya bar ni a gida, tunda aikina na kwamfuta ne. Ya amince. Daga nan Baba ya koma turo mini bayanai ta waya.

Bayan wasu watanni na fara ganin kurakurai a saƙonninsa. Uku ta koma takwas, harafi ya ɓace a lambar mota, wani lokacin ya maimaita mota ɗaya. Ina gyarawa ina tsaki ni kaɗai a ɗaki, ina cewa a raina tsoho ya fara sakaci. Ya sha kirana yana cewa in daure in leƙo ofis ko da sau ɗaya a mako, akwai maganar da yake so mu yi wadda ba ta waya ba ce. Kullum sai in ce masa in sha Allah gobe. Tsakanin gidana da ofishin ba wata tafiya ba ce a babur, amma goben ba ta zo ba.

Ana nan sai aka tsare wata motar wake a bakin boda, saboda lambar da ke takarda ta saɓa da wadda ke jikin motar. Ta yi kwanaki a tsaye, mai kayan ya tayar da hankali, wani babba daga Kano ya kira ni ya wanke ni tas, har da cewa ina kwance a gida ina ɓata musu suna. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ban kira Baba ba, ban kira manaja ba. Na zauna na tattara duk tsofaffin saƙonninsa masu kuskure, na haɗa da dogon bayani cewa laifin ba nawa ba ne, na tura Kano kai tsaye. Da na gama har wani sanyi na ji, wai na wanke kaina.

Ba a jima ba na ji an sallami Baba. Sai a sannan na hau babur na tafi ofis. Na yi sallama aka amsa mini ciki-ciki, ba wanda ya ɗago ya dube ni sosai. Manaja ya ja ni waje ya gaya mini cewa ciwon suga ne ya taɓa idon Baba, ganinsa yana raguwa a hankali. Kowa a ofishin ya sani, don suna ganin yadda yake kai takarda har bakin hancinsa. Sun raba abin a tsakaninsu, wannan ya karanta masa yau, wancan gobe, suna rufa masa asiri har a yi masa aikin ido, wanda kamfanin ne zai ɗauki nauyinsa muddin yana ma'aikaci. Ranar motar waken an yi rasuwa a Magama, yawancinsu sun tafi jana'iza, shi ya sa ya rubuta lambar shi kaɗai. Maganar da yake ta kirana a kai kuwa, so yake ya roƙe ni in riƙa tabbatar da lambobin daga wurin direbobi kafin in tura. Kunya ce ta hana shi faɗa wa wanda ya koya wa aiki ta waya cewa ba ya gani.

Na rubuta wa Kano na janye maganata, manaja ma ya yi iya ƙoƙarinsa, amma aka ce an riga an ɗauki wani. Na samu Baba a gidansa a Farfaru yana zaune a zaure. Ya juyo yana kallon inda nake, bai gane ni ba sai da na yi magana. Na durƙusa na faɗa masa ni ne na tura saƙon. Ya ce ya sani tun ranar, kuma ya yafe. Ya tambayi iyalina, ya sa aka kawo mini ruwa. Da zan tafi ne ya ce, “Ɗana, da ka gan ni da idonka ko sau ɗaya, na san ba za ka rubuta ba.” Na yi masa sallama na fito.

Mu 'yan ofis mun haɗa hannu an kai shi asibiti a Katsina daga baya, amma likita ya ce an makara wa ido ɗaya. Yanzu jikansa ke riƙe masa hannu zuwa masallaci.

Ba ina cewa aiki daga gida laifi ba ne. Akwai masu jego, akwai marasa lafiya, akwai waɗanda hanya ba ta da tsaro gare su, kuma aikin yana tafiya. Abin da na gane shi ne, da na daina ganin abokan aikina sai suka koma mini saƙonni a waya, saƙo kuwa ba ya nuna maka wanda ke fama. Na koma ofis da zafinsa da hayaniyarsa, kuma ba na ƙorafi. Ina roƙon duk mai aiki daga ɗakinsa, idan abokin aikinka ya fara kuskuren da ba halinsa ba, ka tashi ka je ka gan shi kafin ka kai ƙararsa. Idan kuma ya ce maka akwai maganar da ba ta waya ba ce, ka je a ranar. Baba ya yafe mini, amma idonsa bai dawo ba.