Barkono da Injin Ƙyanƙyasar Ƙwai

Barkono ake ce mata a ofis, kuma ta ci sunanta. Tun tana yarinya ba ta iya haɗiye magana ba. Mahaifinta, mai gyaran rediyo, yakan ce harshenta ya fi ƙarfen sodarsa zafi. A shagonsa ta fara taɓa waya, daga baya ta karanci kwamfuta, ta samu aiki a wani ƙaramin kamfani mai ƙera injin ƙyanƙyasar ƙwai. Ita ke rubuta manhajar da ke lura da zafin cikin injin.

Ƙwaƙwalwar injin ba ta taka kara ta karya ba. A cikinta akwai sashen da suke kira stak: duk aikin da manhaja ta kira sai ya yanki wurin ajiyarsa a kan na baya, in ya gama ya saki. Barkono takan ƙayyade girman kowane wuri tun a rubutu, don kwamfaila, mai mayar da rubutun yaren inji, ta san iyaka.

Wata rana manaja ya ce za a sa wa injin layin waya don a riƙa aiko masa da saƙo, kuma a bar tsawon saƙon ya yanke girman wurinsa a stak yayin da injin ke aiki. Barkono ta miƙe tsaye.

"Yallaɓai, kwamfaila ba ta tambaya! Lambar da aka ba ta za ta cire, ta matsar da bakin stak, ko da wuri ko babu. Dogon saƙo ya shigo, sai ya taka maƙwabcinsa."

"Wa zai aiko dogon saƙo? Ke dai kin cika baƙin baki."

Tana tafiya hutun haihuwa ya sa Dogo, abokin aikinta, ya yi abin da ta hana.

Ba ta daɗe da dawowa ba wata dattijuwa mai kiwon kaji ta faɗo ofis da tiren ƙwai, ta dire shi a kan tebur. Wari ya cika ɗakin. Wani dogon saƙon talla ne ya shiga layin injinta, stak ya tumbatsa, ya shafe lambar iyakar zafi, hitar ɗumama ƙwai ta ƙi mutuwa. 'Yan tsakin da ke dab da fitowa duk sun dahu a cikin ɓawonsu.

Manaja ya nuna Barkono da baki. "Hajiya, ga wadda ta rubuta."

Barkono ta dubi Dogo, shi kuwa ya kafa wa takalminsa ido.

"Ni? Ina can ina wankan jego kuka yi ɓarnarku, yau kuma ku shafa mini kashin kaji? Dogo, ka buɗe baki mana! Tsawon banza!"

Ta durƙusa ta ba dattijuwar haƙuri, idonta jawur.

Ta gyara manhajar, ta bi gonaki ɗaya bayan ɗaya da goyo a baya, tana sabunta kowane inji da hannunta, don ba ta ƙara yarda da kowa ba. Da ta gama na ƙarshe ta ajiye musu aikinsu.

Yanzu koyarwa take yi a wata kwaleji. Ɗalibai na tsoronta, amma ajinta kullum a cike. Dogo ya aiko matarsa ban haƙuri har gida. Barkono ta ba ta ruwa, ta tambayi lafiyar yara, ta raka ta bakin ƙofa, ta ce ta gaya wa mijinta ya zo da ƙafarsa.