Ƙananan Ƙafafun Jar Motata

Ni na sa aka rage wa motar nan tsawo, da bakina, ba wanda ya tilasta mini. Na fara da faɗin haka ne domin har yau akwai dangi masu cewa laifin hanya ne. Na yarda da ƙaddara, amma na san abin da hannuna ya yi.

A lokacin ina komi, wato akawu, a ofishin sayen gyaɗa a Magarya, shekarar da fari ya gama da shanun mutane. Wani Nasara mai koyarwa a Damagaram zai koma ƙasarsu, ya sayar mini da motarsa, ja, mai kujera biyu da rufin tamfol da ake naɗewa. Motar gudu ce a kan kwalta, kwaltar da muke da ita kuwa ba ta taka kara ta karya ba. A cikin akwatin gaba ya manta da wata mujalla, a ciki akwai hoton irin motar, amma ta durƙusa ƙasa a kan ƙananan ƙafafu masu faɗi, tayoyinta sirara, naman robar bai fi yatsa uku ba. Na kalli hoton, na kalli tawa, sai na ga tawa ta koma kamar jaki. Ƙuruciya dangin hauka! Sai da na je har Kano na nemo ƙafafun nan huɗu da tayoyinsu.

Makanikin da na kai wa aikin dattijo ne, tsohon direban soja, ba ya sakin fuska. Ya ɗauki taya ɗaya, ya matsa ta da babban yatsa, ya yar.

"Malam komi, wannan takalmin biki ne. Ina za ka da shi?"

"Baba, kai dai ɗaura mini."

"Zan ɗaura. Amma ka saurara. Mota a rairayi da naman taya take tafiya. In ta kafe, ka rage iska, tayar ta baje, ka wuce. Wannan me za ka rage mata? Kuma cikin motarka zai sauko ƙasa da kusan tafin hannu."

Na ce masa zamani ya wuce shi. Wallahi haka na faɗa, a gaban mutane. Duk da haka ya ɗaura. Tsofaffin ƙafafun ya jingine su a bayan rumfarsa, ya ce suna nan suna jirana.

Wata biyu ina yawo a cikin gari, daga ofis zuwa kasuwa, rufi a naɗe, hula a karkace. Kowa ya juyo ya kalla. Ƙauyenmu yana gaba da Dungas ta wajen Mallawa, ban taɓa kai ta can ba, ina jiran Sallah in shiga da ita a gan ni.

Wata safiya cikin bazara maƙwabcinmu na ƙauye ya same ni a ofis. Ya ce Babana ya kwana huɗu bai tashi ba, kuma ya ce a kira masa ni. Ni ne ɗan fari, tun da aka haife ni mahaifina bai taɓa kiran sunana ba saboda kunya, bai taɓa aikowa in zo ba. In ya kai ga aikowa, abin ya kai inda ya kai.

Na tsaya shan mai kusa da rumfar makanikin. Da ya ji inda za ni, ya fito da sauri yana goge hannu.

"Kawo ta in mayar maka da manyan. Kafin ka sha fura na gama."

Na ce ina sauri. Ƙarya nake yi, ko kuma rabin ƙarya. Can ƙasan zuciyata so nake in shiga ƙauye da motar yadda take a hoto. Ubana yana kwance, ni kuma abin da ke raina ke nan. Na faɗa yanzu tunda babu sauran wanda zan ji wa kunya.

Hanyar gabas ba hanya ba ce, sawun kamiyo ne, manyan motocin ɗaukar gyaɗa. Sun haƙa rami biyu masu zurfi, sun bar tudu a tsakiya. Motar arziki takan sa ƙafafunta a ramukan ta haye tudun. Tawa tun ban yi nisa ba na fara jin cikinta yana gurzar ƙasa. Na riƙa ɗora ƙafa biyu a kan tudun, biyu a gefe, ina tafiya a karkace. Sau biyu ta kafe kafin Dungas, masu zuwa kasuwa suka tura ni suna dariya. Wani ya ce, "Maigida, motar taka rarrafe take koya?" Ban ko gode musu ba.

Bayan Dungas akwai wata jigawa mai laushin rairayi. Na taho da gudu don in haye, sai ji na yi ta zauna daram a kan cikinta, ƙafafun baya suna juyawa a banza. Rana ta kusa tsaka. Na fita na yi abin da kowane direba yake yi, na rage iska. Tayar ba ta baje ba, lanƙwashewa ta yi. Da na taka mai, ƙarfen ƙafar ya datse ta, ta zame gefe. Safaya kuwa babba ce, irin ta da, ba ta dace da sauran ba.

A gindin wata aduwa wani tsohon makiyayi yana zaune da sandarsa, ba saniya ko ɗaya a kusa da shi. Ya taso ya yi mini sannu. Na tambaye shi inda zan samu shanun da za su ja ni. Ya nuna mini fili da sanda, ƙasusuwa ne fari fat a warwatse.

"Ga su nan," in ji shi.

Na gaya masa ƙauyen da za ni da abin da ke kai ni. Ya dube ni, ya dubi motar.

"Ɗana, ai ka iso. In ka ɗaga ƙafa, kafin azahar kana gida. Bar ta nan, ni ba inda za ni, zan duba maka ita."

Ka san abin da na yi tunani? Cewa na yi wannan tsohon da yunwa ta cinye zai kwance mini fitilu ya sayar. Kuma yaya za a ce ɗan gidan nan mai mota ya shigo gari a ƙafa, ƙura har gwiwa? Na ce masa na gode, yanzu zan fitar da ita.

Na cire riga na shiga tono da hannu da murfin ƙafa. Na sare geza na cusa a ƙarƙashi. Na kafa jak, ya nutse, na nemo itace na ɗora shi a kai, ya sake nutsewa. Tsohon ya ajiye sandarsa ya taya ni. Azahar ta yi, muka yi taimama muka yi salla. Da ya sallame ya sake cewa, "Ɗana, tafi." Na daka masa tsawa, na ce ko ubansa ne ya saya mini motar. Allah ya yafe mini, sai kawai ya koma tono.

Na ɗaura babbar safayar, motar ta karkace, ta yi gaba kamar taku goma, ta sake zama. A nan ne na tsaya na kalli inuwata, na ga ta yi tsawo. Wani tsoro ya kama ni wanda ban taɓa jin irinsa ba. Na bar makulli a jiki, na kama gudu.

Tafiyar ba ta kai yadda na zata ba ma, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ina hango rumbunan ƙauye, sai na ga maza suna tahowa a jere daga gabas, wani da fartanya a kafaɗa, wani da tulu wanda ba ruwa a ciki. Ba wanda ya gaya mini komai, na sani. Baffana, ƙanen Baba, ya fito daga cikinsu ya riƙe mini hannu.

"Sai haƙuri. Bayan azahar ya cika. Mun jira ka har la'asar, ka san ba a ajiye gawa a wannan zafi."

Na tambaye shi ko ya bar mini wata magana. Ya ce a'a, ya dai riƙa tambaya ko an ji ƙarar mota.

Muka iso ƙofar gida. Gindin bishiyar bedin da muke ɗaure jakuna an share shi tas, an kwashe turaku, an yayyafa ruwa, a shekarar da mata suke kwana a bakin rijiya. Na ɗauka don masu zaman makoki ne, na ce a shimfiɗa tabarmi a nan. Ƙanwata tana tsaye a bakin zaure, idonta ya kumbura.

"Ba na zama ba ne, Yaya. Da safe Baba ya sa muka share. Ya ce in ka zo, kada motarka ta tsaya a rana."